Yadda za ka koyar da Kemistiri a makarantar ƙauye da babu lab

Ranar da aka turo ni makarantar da nake yanzu, wani ƙauye ne can gefen Ringim, na tambayi shugaban makaranta ina lab yake, wato ɗakin gwaje-gwaje, sai ya yi dariya ya miƙo min mukulli. Na buɗe ɗakin na tarar da karyayyun bencina, da buhunan geron wani malami, da kwalabe huɗu da takardar jikinsu ta goge babu wanda ya san me ke ciki, sai biyuret guda ɗaya tal, wato dogon siririn gilashin awo mai famfo a ƙasa, ita ma famfonta ya ƙame. 'Yan SS2 kuwa sun shekara guda suna Kemistiri, littafin kowa cike da not, amma da na ce wa ya taɓa ganin asid ya haɗu da bes da idonsa sai ajin ya yi tsit. Alhali wallahi duk cikinsu babu wanda bai taɓa ganin innarsa ta jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ba.

Toh wannan rubutun naku ne, sababbin malamai da kuka fito daga kwalejin ilimi ta Gumel ko ta Kumbotso ko Bichi, da 'yan bautar ƙasa da ake jefowa ƙauye a ce ga SS1 zuwa SS3 nan kai kaɗai. Zan faɗi yadda nake yi ne daki-daki, wanda ya fi ni dabara ya ƙara.

Matakin farko, kafin ka shiga aji ko sau ɗaya, haɗa akwatinka. Kwali ma ya isa. Ranar kasuwa ka zaga ka sayi zoɓo busasshe, kanwa, tsamiya, lemon tsami, gishiri, sukari, alif ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta, ƙusoshi, da ɗan garin Omo. A kemis ka sayi sirinji mai mil 10 kamar guda goma, da aidin, da 'yan ƙwayoyin ƙarin jini irin wanda ake ba mata masu ciki. A gida ka ɗebo toka, gawayi, da man gyaɗa kaɗan. Wajen mai gyaran rediyo ka roƙi maganaɗisun tsohuwar sifika da 'yan wayoyi. Ka sa yara su kawo maka robobin ruwa da aka sha aka yar, ka yanke su biyu, gindin ya zama kofin gwaji, saman kuma in ka kifa shi ya zama mazurari. Abu ɗaya da zan ce ka daure ka cire kuɗi ka saya shi ne ƙaramin sikelin nan na dijital irin na masu gwal, yana aiki da batir, in ka shiga Kano za ka samu. Shi kam babu dabarar da za ta maye gurbinsa.

Sai kuma ka je wajen mai waldar gas, wanda ke amfani da kabayid, ka ce ya ba ka farin dagwalon da yake zubarwa a bayan shago. Zai yi maka kallon mahaukaci, kar ka damu. Wannan dagwalon Ca(OH)₂ ne, in ka zuba cokali biyu a kwalbar ruwa ka girgiza ka bar shi ya kwana ka tsiyaye na saman, ka samu ruwan gwajin iskar CO₂ kyauta.

Mataki na biyu a kanka yake, ba a kwali ba. Akwai wani malamin Kemistiri a jami'ar Glasgow, Alex Johnstone, shi ya fito da bayanin cewa wannan darasin fuska uku gare shi, abin da ido ke gani, da abin da ke faruwa tsakanin ƙwayoyin zarra da ido ba ya gani, da kuma alamomin da muke rubutawa a allo. Ni dai duwatsun murhu nake kiransu, ka cire ɗaya tukunya ta kife. Matsalarmu a nan dutse ɗaya muke ɗora wa tukunya, na alamomi, yaro ya haddace NaOH + HCl bai san kamannin ko ɗaya ba. Don haka duk darasin da za ka shirya ka tambayi kanka abu uku a jere: me za su gani ko su taɓa yau, wane zane zan yi na abin da ke faruwa a ciki, sannan a ƙarshe me za mu rubuta. Kar ka juya jerin nan. In ka fara da rubutu ka rasa su, sai kwafa kawai za su yi kamar injin.

Yanzu darasin da nake buɗe shekara da shi, ko da manhaja ba nan ta fara ba. Ka jiƙa zoɓo cikin tafin hannu ɗaya a ruwan zafi kamar minti goma, ka tace, ka sirka shi da ruwa har ya yi haske ana hango yatsa ta cikinsa, don in ya yi kauri irin na sha canjin kala ba zai fito ba, na yi wannan kuskuren a karon farko na tsaya ina ta zuba kanwa yara na kallona abu ya ƙi. Ka jera kofuna bakwai a kan benci, kowanne da zoɓo daidai wa daida. Na farko ka matsa lemon tsami, na biyu ruwan tsamiya, na uku tsararon ruwan da ke tasowa a kan nono, na huɗu ka bar shi haka nan, na biyar ruwan kanwa, na shida ruwan Omo, na bakwai ruwan toka da aka tace. Kar ka zuba da kanka, kira yara su zuba, kuma kafin kowa ya zuba ajin su faɗi abin da suke zaton zai faru. Masu tsami za su ƙara ja jawur, na kanwa zai yi duhu ya juya shuɗi-shuɗi zuwa kore, na toka in tokar mai ƙarfi ce kore zai yi, in ya jima ya koma ruwan ƙasa. A nan za ka ji aji ya ɗauki hayaniya, ka bar su su yi.

Daga nan ka ɗauki kofin kanwar nan da ya yi kore, ka ba wata yarinya sirinji cike da ruwan lemon tsami ta riƙa ɗigawa ajin na ƙirga ɗigo da ƙarfi, har jan ya dawo. Ka tambaye su ina tsamin ya tafi, ina kanwar ta tafi. Sai ka je allo ka zana 'yan da'irori masu H⁺ a gefe guda, masu OH⁻ a ɗaya gefen, ka haɗa su bibbiyu su zama ruwa. Sai a ƙarshe ka rubuta H⁺ + OH⁻ → H₂O. Za su kuma lura da kumfa na tashi, dama ita kanwa yawancinta kabonet ɗin sodiyom ce, in ta haɗu da asid sai ta saki CO₂. Ka zuba garin kanwa da lemon tsami a roba mai murfi da ka huda ka sa siririn tiyo, ka tsoma ɗaya bakin a ruwan mai waldar nan, zai yi fari kamar an ɗiga madara. Sannan ka ba wani yaro tsinken shan lemo ya hura numfashinsa a wani sabon kofin, shi ma ya yi fari. Iskar da ta fito daga kanwa ita ce ke fita daga ƙirjinsa, wannan kaɗai sai su yi sati suna maganarsa.

Af, kalmar alkali, wato bes mai narkewa a ruwa irin ruwan tokar nan. Duk shekara sai an samu wanda zai ce Malam wane alƙalin, na kotun Musulunci? Ka bar su su yi dariya sannan ka gaya musu asalin kalmar Larabci ce, daga sunan tokar tsirrai aka samo ta, wato dai ruwan tokar da kakanninsu ke haɗawa da mai su yi sabulun salo. In ka zo darasin haɗa sabulu a SS3 ka nemi tsohuwar da ke yin sa a garin, ta fi ka iyawa, kai naka kawai ka rubuta sunan abin da take yi.

Darasin rarrabe gauraye ba ya buƙatar dogon bayani, don yaran nan sun fi mu sani. Shiƙa, tankaɗe, tace gasara, kaɗa nono a cire man shanu, matse tunkuza a fitar da mai, rege shinkafa a cire tsakuwa, duk sun iya. Ka ce kowa ya kawo misali ɗaya daga gida ya faɗi wane bambanci ne tsakanin abubuwan biyu ya sa aka iya raba su, nauyi ne ko girma ko narkewa. Sai ka gauraya yashi da gishiri da garin ƙarfe daga wajen maƙeri ka ba kowane rukuni, ka ajiye maganaɗisu da ruwa da ƙyalle da murfin gwangwani a gabansu, ka koma gefe ka yi shiru. Na tawada kuma, ɗiga tawadar maka baƙa a jikin alli kusa da gindi, ka tsayar da shi a ruwa ɗan kaɗan, in tawadar mai narkewa a ruwa ce za ka ga kaloli sun rabu suna hawa.

Inda ake zubar da yara shi ne mol, a nan zan daɗe. Kar ka soma da 6.02 × 10²³, wannan lambar tsoro kawai take ba su. Ka soma da goro. Ka tambaya ƙwaryar goro guda nawa ce, za su ce ɗari. Ƙwaryar manyan goro da ƙwaryar ƙanana, adadinsu ɗaya? Ɗaya. Nauyinsu fa? Ba ɗaya ba. Toh shikenan, mol ƙwarya ce ta masu Kemistiri, adadin ba ya canzawa amma nauyin ya danganta da abin da aka ƙirga. Sannan ka kawo mai sayar da ƙananan ƙusoshi, shi ba ya zama ƙirga dubu, ɗorawa yake a sikeli, in ya san nauyin guda ɗaya ya san adadin. Ka sa su gwada da wake: su auna ƙwaya 20, su lissafa nauyin guda, sannan ka ba su tuli su faɗi adadinsa ba tare da ƙirgawa ba, daga baya su ƙirga su gani ko sun yi kusa.

Sai ka jera musu mol ɗaya-ɗaya a kan benci su gani da ido. Ruwa giram 18, wato mil 18 a sirinji, ko kurɓa biyu bai kai ba. Gawayi giram 12. Gishiri giram 58.5. Ƙusa giram 56. Sukari giram 342, ya kusa cika ƙaramin kwano. Ka ce musu adadin ƙwayoyin da ke cikin ɗan ruwan nan daidai yake da na tulin sukarin can, sai yanzu ka rubuta lambar Avogadro ɗan ƙasar Italiya da aka sa wa lambar sunansa. Yanzu tana da wurin zama a kansu.

Lissafin kuma ka ɗauko shi daga gona. Ka zo da buhun takin yuriya wanda babu komai ciki, a jikinsa an rubuta 46. Ka tambaye su 46 ɗin me, yawanci ba su sani ba duk da sun sha ɗaukarsa a ka. Ka rubuta CO(NH₂)₂, su haɗa da kansu: kabon 12, oksijin 16, naitirojin biyu 28, haidirojin huɗu 4, jimla 60. A raba 28 da 60 a ninka da 100, ya ba da 46.7. Ranar da na fara yin wannan wani yaro da ko magana ba ya yi a aji ya miƙe ya ce Malam ashe lambar ba ta kamfani ba ce. Ka ci gaba da su: buhu mai kilo 50 yana da naitirojin wajen kilo 23, shi kuwa NPK 15:15:15 mai kilo 50 yana da kilo 7.5 kacal, ke nan ta fuskar naitirojin buhun yuriya ɗaya ya kai na NPK uku, amma shi ba shi da sauran biyun. Wannan lissafin har gida za su kai shi. Daga nan hanya ta buɗe maka zuwa amoniya, da dalilin da ya sa in aka watsa yuriya a saman ƙasa ba a binne ba wani kaso ke bin iska, da yadda Fritz Haber a Jamus ya gano hanyar haɗa naitirojin na iska da haidirojin, da kuma Wöhler, shi ma Bajamushe, da ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji a 1828 lokacin ana ganin sai jikin mai rai ne ke iya yin ta.

Kar ka mayar da ragowar takin nan gida tukunna. Zuba cokali uku a ɗan ruwa cikin leda ka ƙulle ka ba su su riƙa miƙa wa juna, ledar za ta yi sanyi ƙarara. Sannan kowa ya jiƙa tafin hannu a zuba masa ɗan garin Omo ya dunƙule, zai ji ɗumi, sai ya wanke nan take. Ka samu darasin canjin da ke shan zafi da wanda ke fitar da zafi cikin minti biyar. Ruwan randa kuma da ke yin sanyi a tsakiyar bazara, ruwan da ke tsatsafowa ta jikin yumɓu ne yake bin iska ya tafi da zafi. Ka ba su labarin marigayi Mohammed Bah Abba, malami ne a nan Jigawa, da ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye, har ya samu lambar yabo ta Rolex a kanta. Yana da kyau su ji sunan na gida ko sau ɗaya a cikin sunayen Turawan nan.

Jadawalin sinadarai kuma, yanka kwali gida 20, kowane kati ka rubuta alama da lamba da yadda ilektiron suka jeru, ka watsa musu a ƙasa ka ce su jera yadda masu kama da juna za su faɗo layi ɗaya. Ka ɓoye kati biyu a aljihu. In sun ga gurbi sun fara gardamar me ya kamata ya zauna a wurin sai ka gaya musu haka Mendeleev ɗan Rasha ya yi a 1869, ya bar gurabe ya faɗi halin abin da za a gano, kuma aka gano galiyom a 1875 ya zo kusan yadda ya ce. Siffar molekul kuma yumɓu da tsinken tsintsiya, a mulmula a soka a shanya. Ka tabbata sun yi CH₄ da ƙafa uku a ƙasa ɗaya a sama, don zanen allo yana sa su ɗauka a shimfiɗe yake kamar giciye.

Maganar harshe. Jarrabawar WAEC da NECO da JAMB da Turanci ake yi, wannan babu yadda muka iya. Amma ni ban yarda malami ya yi minti arba'in yana Turanci yara na gyaɗa kai ba su fahimci komai ba. Ka yi bayani da Hausa har sai ka ga idonsu ya buɗe, sannan ka ba su kalmar Turancin, su maimaita, su rubuta jimla da ita. Sai dai ka kula da wuraren da Hausar kanta ke rikita su. Mu narkewa ɗaya muke da ita, ƙanƙara ta narke, sukari ya narke a shayi, alhali abu biyu ne daban kuma kowanne da sunansa a jarrabawa. Ƙarfe ma haka, da na ƙusa da dukkan danginsa duk ƙarfe muke cewa, sai yaro ya kasa gane yadda sodiyom da ake yankawa da wuƙa zai zama ƙarfe, ko ya ɗauka maganaɗisu zai kama tukunyar alminiyom. Iska kuwa ba a magana, ta numfashi, ta hadari, ta cikin silinda, har da waccan ta masu bori. Gishiri kuma a wurinsu na miya ne kawai. Ka ware darasi guda ka warware waɗannan, zai rage maka wahalar shekara uku.

Gwajin tsatsa sai ka haɗa shi ranar Litinin a duba Litinin ta sama. Kwalba huɗu, kowacce da ƙusa da aka goge da yashi ta yi haske. Ta farko ruwa rabi a buɗe. Ta biyu tafasasshen ruwa ka zuba man gyaɗa a sama ya toshe iska. Ta uku babu ruwa, ka jefa 'yar jakar ƙwayoyin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka rufe gam. Ta huɗu ruwan gishiri. Su rubuta hasashensu a takarda ka karɓe ka ajiye. Bayan sati ta huɗu ce za ta fi lalacewa, ta biyu da ta uku kusan lafiya lau, sai ka tambaye su me ya sa ake shafa wa kwanon rufi zinki, me ya sa ake sa wa sarƙar keke baƙin mai. In akwai marina kusa da ku, ko za ku iya zuwa Kura ko Ƙofar Mata a Kano, ka kai su su ga yadda zane ke fitowa daga rijiyar baba da kore-kore, marini ya ɗaga shi ya sha iska ya koma shuɗi a gaban idonsu. Oksijin ne ya yi wannan aikin, babu misalin da ya kai shi a duk littafin.

Tsohon batir ɗin Tiger ma kar a yar. Ka fasa shi da kanka a gida, ka zaro baƙin sandan tsakiya ka wanke, guda biyu kake so. Ka haɗa sababbin batir huɗu a jere, ka ɗaura wa sandunan waya ka tsoma a ruwan gishiri mai ɗan zoɓo. Kumfa za ta tashi a duka biyun, gefe ɗaya zoɓon ya yi kore, ɗaya gefen ya koɗe ka ji ɗan warin bilic, wato kulorin ke nan. A waje ake yin wannan ƙarƙashin bishiya, minti biyu ya isa, kuma kar kowa ya kai hanci.

Toh sai babban abin da ke hana malaman ƙauye barci, firaktikal. Abin takaici ne yaro ya fara taɓa biyuret ranar jarrabawa, hannu na rawa, ya buɗe famfo asid ya zube gaba ɗaya. Abin da nake yi tun daga SS2 shi ne taitireshan na sirinji, wato ɗiga asid a kan bes ana aunawa har kala ta canza. Kowane rukuni sirinji biyu, ɗaya su auna ruwan kanwa mil 10 a kofi su sa zoɓo, ɗaya su cika da ruwan lemon tsami da aka tace, ɗaya na ɗigawa, ɗaya na juya kofin, ɗaya na kallon kala, ɗaya na rubutu. Dole su yi sau uku, su zana teburin karatun farko da na ƙarshe da abin da aka ci, daidai yadda ake so a jarrabawa. Amsar ba za ta yi daidai sosai ba, ba ita nake nema ba, hannun nake so ya saba da tsayawa a ɗigo na ƙarshe. In sun shiga SS3 sai ka je ka roƙi aron biyuret da fifet (siririn gilashin ɗiban ruwa daidai awo) da indiketa na gaske (mai canza kala, aikin da zoɓo ke yi mana) a makarantar da ke da su, ko ka shirya da malaminsu ku kai yaran wata Asabar, makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu ai don wannan aka san su. A nan za ka koya musu ɗauraye biyuret da asid ɗin da za a zuba, cire mazurari kafin a karanta, kawo ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan, rubuta lamba biyu bayan ɗigo kamar 20.00, da ɗaukar matsakaicin karatun da suka yi kusa da juna kawai. Lissafin ma ka sa su yi ta yi har ya zama jiki: in mil 25 na Na₂CO₃ mai ƙarfin 0.05 ya ci mil 20 na HCl, asid biyu ke cin kabonet ɗaya, 0.05 sau 25 sau 2 a raba da 20, amsa 0.125. Inda suka fi faɗuwa shi ne wannan biyu-da-ɗayan, don ba su daidaita ikweshan ba kafin su fara.

Ɓangaren gano abin da ke cikin gishiri ma akwai dabara. Ka samo soda irin ta masu haɗa sabulu, kai kaɗai za ka narka 'yar kaɗan a ruwa mai yawa. Ka ɗiga a ruwan alif, farin abu mai kamar kamu zai fito, ka ci gaba da zubawa ya ɓace, alminiyom ke nan. Ka daka ƙwayar ƙarin jinin nan bayan ka wanke jan bayanta, ka narka ka tace ka ɗiga soda, zai ba da kore mai datti, in ya jima a iska ya koma ruwan tsatsa. Aidin a kan koko ko rogo ya ba da shuɗi mai duhu. Kowanne su rubuta shi gida uku, abin da na yi, abin da na gani, abin da na gane, kuma kar ka yarda su rubuta abin da ba su gani ba don littafi ya faɗa.

Kan tsaro ba na wasa. Babu ɗanɗanawa ko da lemon tsami ne, don ranar da za ka kawo na gaske hannu ya riga ya saba kai wa baki. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Ruwan batirin mota asid ne mai ƙarfi, soda ma tana cin fata, waɗannan a hannunka kaɗai za su zauna. Bokitin ruwa a kusa kullum, 'yan mata su soke hijabi ta baya in akwai wuta. Kwalaben da babu suna irin waɗanda na tarar, kar ka buɗe kar ka shinshina, ka kai rahoto a zo a ɗauke. Kuma ka yi amfani da damar ka gaya musu abin da zai tsare rai a gida: kar a haɗa bilic da wani abin wanke bayi, kar a kwana da janareta ko garwashin gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, ƙwayar maganin hatsi da ake sawa a buhu tana sakin iska mai kisa in ta ji laima don haka ba a ajiye buhun a ɗakin kwana. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasa yake bi ya tafi nesa ya tarar da wuta, mu nan Jigawa bayan fashewar tankar mai a garin Majiya a 2024 babu wanda za a yi wa dogon bayani, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 wajen dakan dutsen zinare ita ma darasi ce ta SS3.

In ajinka ya kai mutum tamanin kamar nawa, raba su rukuni takwas, kowane rukuni da shugaba, ka koya wa shugabannin gwajin tun jiya da yamma su kuma su jagoranci nasu. Ka riƙa juya aikin, in ba haka ba maza biyu-uku za su riƙe sirinji shekara guda sauran na kallo, 'yan matan kuma a bar su da rubutu, alhali a taitireshan na lura hannunsu ya fi tsayawa. Ranar kasuwa da lokacin girbi aji kan rage, kar ka sa sabon darasi mai nauyi a ranakun, ka yi bita.

Ku kuma da ke koyarwa a kwaleji ko shekarar farko ta jami'a, kar ku ɗauka wanda ya zo da kiredit ya taɓa riƙe fifet. Satin farko ka ba kowa takarda ka ce ya zana abin da ke cikin kofin ruwan gishiri in da ido na iya ganin ƙwayoyin. Za ka ga masu zana NaCl a manne yana yawo, da masu zana gishirin ya ɓace gaba ɗaya, kaɗan ne za su raba Na⁺ da Cl⁻ ruwa na kewaye da kowanne. Daga wannan zanen za ka san inda za ka faro. Ɗaliban NCE kuma kafin su tafi koyon aikin koyarwa ka sa kowa ya haɗa kwalinsa ya zo ya yi darasi ɗaya da shi a gabanka, don yawancinsu irin makarantata za a tura su. Ka gaya musu ruwan zoɓon ba ya kwana biyu ba tare da ya fara tsami ba, a jiƙa sabo da safen ranar da za a yi gwajin, ruwan mai waldar kuma a riƙa rufe kwalbarsa gam, in ba haka ba iskar ɗaki za ta cinye ƙarfinsa ka zo gaban aji a hura a hura ya ƙi yin fari.